Alhakin Wa Ne Kuskuren da Aka Koya a Aji?

Da ƙarfe huɗu na asubar Laraba, 28 ga Maris 1979, famfunan da ke kai ruwa ga wani sashe na tashar nukiliya ta Three Mile Island, a jihar Pennsylvania ta Amurka, suka tsaya. Irin wannan yakan faru a tashoshin lantarki, kuma an tanadi abin da zai biyo baya. Matsi ya ƙaru a cikin bututan, wani bawul da ke can sama ya buɗe don ya rage shi, cikin daƙiƙa takwas kuma tukunyar ta kashe kanta. Saura bawul ɗin ya koma ya rufe, amma sai ya maƙale a buɗe. Ruwan da ke sanyaya tukunyar ya riƙa ficewa ta nan.

A ɗakin sarrafa tashar akwai wata 'yar fitila mai ba da labarin wannan bawul. Fitilar ta mutu, ma'aikata suka ɗauka ya rufe. Alhali iyakar abin da fitilar ke iya faɗa shi ne an aika masa umarnin rufewa. Ko ya bi ko bai bi ba, ba ta da labari. Bayan kamar minti biyu famfunan gaggawa suka tashi da kansu suna ɗura ruwa, kamar yadda aka tsara. Ma'aikatan suka dubi ma'aunin tankin da ke daidaita matsi, suka ga ruwansa yana hawa. A wurin horo an nanata musu cewa kada su kuskura su bar tankin nan ya cika maƙil, don gudun kada matsi ya yi wa bututu lahani. Sai suka rage ruwan gaggawar ƙwarai. Ba su san cewa tururin da ke taruwa a ƙasa ne yake turo ruwa sama ba, wato ma'aunin yana nuna cika a daidai lokacin da tukunyar ke ƙafewa. Sai bayan sa'a biyu da kusan minti ashirin wani ma'aikaci da ya shigo daga baya ya rufe bawul na biyu da ke kan bututun. Kafin a shawo kan lamarin, kusan rabin makamashin da ke cikin tukunyar ya narke. Ginin kariya ya tare mafi yawan gubar, ba a rasa rai a ranar ba, amma mutane kimanin 140,000 sun bar gidajensu a kwanakin da suka biyo baya, tukunyar kuma ba ta sake aiki ba.

Mutanen da ke bakin aiki a daren nan ba barci suke yi ba. Ƙwararru ne da suka fito daga rundunar sojan ruwa, inda suka saba da injinan nukiliya. Abin da aka koya musu shi suka yi. A nan ne tambayarmu ta taso, kuma ta shafi duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ko ya zauna a gabansa: idan ɗalibi ya aikata daidai abin da aka koya masa, ɓarna kuma ta auku, alhakin yana wuyan wa? Mun zaɓi mu duba ta a fagen ilimin sanyaya tukunyar nukiliya, saboda a can ne tazarar da ke tsakanin darasin aji da rayukan jama'a ta fi fitowa fili.

Garwashin da ba ya mutuwa

Duk wanda ya taɓa girki a murhu ya san janye itace ba ya huce tukunya nan take, garwashi yana nan. Tukunyar nukiliya ma haka take, sai dai nata garwashin babu abin da ke kashe shi sai lokaci. Idan aka tura sandunan da ke tsayar da tsagewar ƙwayoyin yuraniyom, ainihin wutar takan mutu cikin daƙiƙoƙi. Amma ɓarɓashin da tsagewar ta bari yana ci gaba da fitar da zafi: kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na cikakken ƙarfin tukunyar a farko, kusan kashi ɗaya da rabi bayan sa'a guda, kusan rabin kashi ɗaya bayan kwana guda. A ido kamar kaɗan ne. To amma babbar tukunya mai zafin megawat 3,000, bayan kwana guda da kashe ta, tana fitar da kimanin megawat 15. Kamar a kunna hitar dafa ruwa mai kilowat biyu guda 7,500 ne lokaci guda, a wurin da bai fi ɗaki ɗaya girma ba. Idan ruwa bai kwashe wannan zafi ba, ƙarfen zirkoniyom da aka lulluɓe makamashin da shi zai yi ja, in ya kai wajen digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyas kuma ya shiga cin tururi da sauri yana fitar da iskar haidurojin mai fashewa.

Shi ya sa rabin aikin injiniyan nukiliya aikin ruwa ne. Ruwan kuwa yana da halin da zai ba mutum mamaki, kuma muna ganinsa a kicin ba mu kula ba. A yayyafa ruwa a kasko mai matsakaicin zafi, zai yi ƙara ya ƙafe nan da nan. A bar kaskon ya yi zafi ƙwarai a sake yayyafawa, sai ɗigon ya dunƙule ya riƙa yawo, ya daɗe bai ƙafe ba. Dalili shi ne tururi ya shiga tsakanin ruwan da ƙarfen ya zama katanga. Wani likita Bajamushe, Johann Leidenfrost, ya bayyana wannan tun 1756. A 1934 Shiro Nukiyama, malami a jami'ar Tohoku da ke birnin Sendai na Japan, ya auna abin. Ya tsoma siririyar waya a ruwa, ya riƙa ƙara mata wutar lantarki kaɗan-kaɗan. Tafasa tana ƙaruwa, ruwa yana kwashe zafi da kyau, har aka kai wani matsayi da kumfar tururi ta haɗe ta lulluɓe wayar. Nan take zafinta ya yi tsalle da ɗaruruwan digiri, wata wayar ma ta narke. Babu gangara a hankali, gaɓa ce kawai. Takardar Nukiyama da harshen Japananci aka buga ta, sai a 1966 aka wallafa fassararta da Turanci.

Kowace sandar makamashi a kowace tukunyar da ruwa ke sanyayawa tana aiki ne a gefen wannan gaɓa. Ana danne ruwan da matsi mai yawa, a tukwane irin na Three Mile Island fiye da ninki 150 na matsin iskar da muke shaƙa, don ya wuce digiri 300 bai tafasa ba. Aikin mai bincike shi ne ya faɗi inda gaɓar take, da irin ratar da za a bari.

Abin da aji ya sani

A nan ne abin ya fara nauyi, domin ilimin motsin ruwa bai kammala ba. A 1883 Osborne Reynolds, malami a Manchester ta Ingila, ya zura rini a cikin ruwan da ke gudu a bututun gilashi. Da gudun yake kaɗan, rinin ya miƙe kamar zare. Da ya ƙara gudu, zaren ya wargaje ya cakuɗe. Wannan kwarara mai hargitsi ita ce ke faruwa a cikin tukunyar nukiliya, ita ce kuma ke sa ruwa ya kwashe zafi sosai. Muna da lissafin da ke bayyana motsin ruwa tun ƙarni na 19, wanda ke ɗauke da sunayen Navier da Stokes. Amma ya yi wuyar da a shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay ta sa shi cikin matsaloli bakwai da ta ware wa kowace dala miliyan ɗaya. Tambayar da cibiyar ta yi ma ta tushe ce: shin akwai tabbacin lissafin yana ba da amsa lafiyayya a kowane hali? Idan aka haɗa ruwa da tururi suna tafiya tare a tsakanin dubban sanduna masu zafi, babu kwamfutar da ke iya bin kowace kumfa a tukunya guda.

To da me injiniyoyi ke aiki? Da ƙa'idojin da aka ciro daga gwaji. A auna sau ɗari ko sau dubu, a zana layin da ya fi dacewa da abin da aka auna, a ba shi suna. Misalin da kusan kowane ɗalibin injiniya ya haddace shi ne ƙa'idar Dittus da Boelter, wadda ke ƙiyasta yawan zafin da ruwa mai gudu ke kwashewa daga jikin bututu. Asalinta wani bincike ne da aka wallafa a Jami'ar Kalifoniya a 1930, kan lagireton mota. Layi ɗaya ce, mai daɗin hadda. A ƙarƙashinta, cikin ƙananan haruffa, littattafai kan jera sharuɗɗanta: sai kwararar ta kasance mai cikakken hargitsi, sai bututun ya kasance dogo mai santsi, sai bambancin zafi bai yi yawa ba, sai ruwan bai fara tafasa ba. Ko an cika dukkan sharuɗɗan, amsar na iya kaucewa da kusan kashi 25 cikin 100. Gaɓar Nukiyama kuwa an ƙirƙiro mata ɗaruruwan ƙa'idoji, kowace da iyakarta, har masu bincike a Kanada suka ga gara su tattara dubban ma'aunai su yi jadawali, shi ma an gina shi ne a kan bututu mai faɗin milimita takwas, sauran girma sai an yi gyara.

Mu da muka zauna a aji mun san abin da ke faruwa da ƙananan haruffan nan. Ƙa'idar ce ke fitowa a jarrabawa, ita ke kawo maki. Sharuɗɗan kuwa malami yakan karanta su da sauri saura minti biyu a tashi, ko ya ce a duba a gida. Bayan shekara goma ɗalibin yana tuna layin sarai, iyakarsa kuwa ta daɗe da ɓacewa. Ba a koya masa ƙarya ba. An ba shi gaskiya ne aka cire mata shinge, ya fita da ita yana zaton ko'ina tana aiki.

Sarƙar da ta kai ga ƙarfe huɗu na asuba

Mu koma Three Mile Island da wannan ido. Kwamitin da shugaban Amurka Jimmy Carter ya kafa, ƙarƙashin John Kemeny, masanin lissafi kuma shugaban Kwalejin Dartmouth, ya gano cewa tushen matsalar ya fi karkata ga mutane da tsarin aikinsu fiye da na'urori. Shekaru da dama masu bincike da hukumomi sun fi mai da hankali kan babban hatsari, wato ƙaton bututu ya tsinke gaba ɗaya, bisa tunanin cewa wanda ya shirya wa babba ya gama da ƙarami. Ƙaramar ɓula a saman tanki ba ta sami wannan kulawa ba, alhali ita ce mai ruɗa ma'auni. Dokar da aka koya wa ma'aikata, cewa hawan ruwa a tankin yana nufin tukunya cike take, gaskiya ce a yawancin halaye. Ba a gaya musu halin da take zama ƙarya ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne akwai waɗanda suka sani. A Satumbar 1977, wata goma sha takwas kafin hatsarin, irin wannan bawul ya maƙale a tashar Davis-Besse ta jihar Ohio, ma'aikatan can ma suka rage ruwan gaggawa. Sun yi sa'a tukunyar tana aiki da ƙaramin ƙarfi, suka kuma gano matsalar bayan kamar minti ashirin. Injiniyoyi a kamfanin da ya ƙera tukwanen biyu sun rubuta takardun cikin gida suna neman a sauya umarnin da ake ba ma'aikata. Wani injiniya, Carlyle Michelson, shi ma ya yi nazarin da ya nuna cewa ma'aunin tankin na iya yaudara a irin wannan hali. Takardun sun yi ta yawo tsakanin ofisoshi, ba su isa ɗakin da ake buƙatarsu ba.

Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma akwai haɗari a wannan karin magana idan aka ja shi da nisa, domin abin da aka raba wa kowa yakan ƙare ba na kowa ba. Mai bincike ya ce ni na rubuta, manaja ya ce ni ba a nuna mini gaggawarsa ba, mai horarwa ya ce ni manhajar da aka ba ni na bi, ma'aikaci ya ce ni horon da na samu na aikata. Kowa ya faɗi gaskiya, tukunya kuma ta narke.

A ganinmu mafita ita ce a raba laifi da alhaki. Laifi yana kallon baya ne, yana neman wanda za a hukunta, kuma adalci ne a ce malamin da ya koyar da iyakar abin da aka sani a zamaninsa ba shi da laifi. Alhaki kuwa amana ce da mutum ke ɗauka tun kafin komai ya faru, kuma yawan masu riƙe da ita ba ya rage nauyin da ke kan kowane ɗaya. Mutum goma da aka ba ajiyar rijiyar gari, kowannensu rijiyar gaba ɗaya aka ba shi. Amanar malami a wannan fage ita ce kada ya miƙa wa ɗalibi wani sani ba tare da iyakarsa ba. Idan ya san iyakar ya yi shiru saboda lokaci ya ƙure, ko don kada a ga kamar iliminsa da giɓi, a nan alhakinsa ya fara komawa laifi.

Masu ja da wannan magana

Akwai masu cewa wannan zance ne na masu zaman ofis. Mutumin da ƙararrawa fiye da ɗari ke kaɗawa a kansa da asuba ba shakka yake buƙata ba, doka yake buƙata gajeriya wadda zai bi ba tare da dogon tunani ba. Idan aka cika kansa da "wataƙila" da "sai dai idan", zai tsaya yana kallo har lokaci ya wuce. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ba mu raina ta ba. Sai dai abin da aka yi bayan 1979 ya nuna cewa sanin iyaka yana iya haifar da doka mafi kyau. An sake rubuta umarnin gaggawa ta yadda ma'aikaci ba sai ya fara gano sunan matsalar ba. Zai duba alamomi ne, ya tabbatar makamashin yana cikin ruwa, sauran bincike ya biyo baya. An kuma ƙara na'urorin da ke nuna saura nawa ruwan ya tafasa. Waɗanda suka amince cewa ma'auni na iya yaudara su ne suka iya rubuta wannan doka.

Hujja ta biyu ta fi ɗaci. Idan mai bincike ya fito ya ce lissafinmu da rauni, jama'a za su firgita, 'yan siyasa su rufe tashoshi, a koma ƙona kwal wanda hayaƙinsa ke kashe mutane a hankali ba tare da ya shiga labarai ba. Ashe shirun ba zai fi alheri ba? An taɓa gwada wannan tambaya a aikace. Tsakanin ƙarshen 1970 da farkon 1971, a cibiyar gwajin tukwane ta jihar Idaho, an yi gwaji da ɗan ƙaramin samfuri don a ga ko ruwan gaggawa zai isa cikin tukunya idan bututu ya tsinke. Tururi ya kore ruwan ya fitar da shi ta wurin ɓular, saɓanin abin da lissafin kwamfuta ya nuna. Maganar ta fito fili, aka yi doguwar zaman sauraron bahasi a 1972 da 1973, inda wasu masana daga cibiyoyin binciken gwamnati suka bayyana shakkunsu duk da cewa ba abin da shugabanninsu ke son ji ba ne. Daga nan aka kafa ƙa'ida mai tsauri, ciki har da cewa zafin lulluɓin makamashi kada ya wuce digiri 1,204 ko a lokacin hatsari. Manyan gwaje-gwajen da aka yi daga baya a Amurka da Jamus da Japan sun nuna cewa ƙa'idar ta bar rata mai yawa, ƙaramin samfurin kuma shi ma yana da tasa iyakar. To masu shakkar sun yi kuskure ke nan? A'a. Maganarsu ita ce ba a tabbatar ba, kuma a lokacin ba a tabbatar ɗin ba. Maganar tasu ce ta sa aka kashe kuɗi aka tabbatar. A 1988 hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta yarda a riƙa amfani da lissafi mafi kusa da zahiri, da sharaɗin mai lissafin ya auna girman rashin tabbas ɗinsa ya bayyana shi. Wato doka da kanta ta wajabta wa masani ya faɗi iya abin da bai sani ba, da lambobi.

Hujja ta uku ita ce fasaha za ta raba mu da wannan damuwa. Sababbin tukwane suna sanyaya kansu: ruwan zafi ya tashi sama, mai sanyi ya sauko, tankuna a sama su zubo da nauyinsu, ba famfo ba janareta. Gaskiya ne, kuma jami'o'i sun taka rawa a ciki. A shekarun 1990 Jami'ar Jihar Oregon ta gina samfurin irin wannan tukunya mai kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin ta gaske, da hitar lantarki a madadin yuraniyom, malamai da ɗalibai suka yi ta buɗe ɓula da gangan suna kallon inda ruwa ke bi. Amma Fukushima ta nuna iyakar wannan fata. A tukunya ta ɗaya a can akwai na'urar sanyaya da ba ta buƙatar famfo. Ranar 11 ga Maris 2011, da igiyar tsunami ta cinye janaretoci da batura, na'urar ta tsaya da bawulolinta a rufe, aka kuma ɗauki sa'o'i ba a gane ba ta aiki ba, domin ma'aikatan ba su saba ganinta tana aiki a zahiri ba. Tukwane uku suka narke, haidurojin ta fasa gine-gine, fiye da mutum 100,000 suka bar gidajensu.

Ilimin da ke da baki

Fukushima ta ƙara mana wani darasi. A 2008 wani lissafi na cikin gida a kamfanin da ke da tashar ya nuna cewa igiya mai tsayin mita 15.7 na iya zuwa, alhali tashar tana kan mita goma ne daga teku. Ba a ɗauki matakin da ya dace ba kafin 2011. Kwamitin majalisar Japan ƙarƙashin Kiyoshi Kurokawa ya kira abin bala'in da hannun ɗan Adam ya jawo, shugabansa kuma ya ɗora wani ɓangare a kan al'adar biyayya da ƙin tambayar na gaba. A gaɓar tekun guda, tashar Onagawa ta fi kusa da cibiyar girgizar, amma ta tsira. Shekaru da dama kafin nan wani injiniya, Yanosuke Hirai, wanda ya san tarihin igiyar da ta afka wa yankin a shekarar 869, ya dage a gina ta a kan tudun mita 14.8. Igiyar 2011 ta kai kimanin mita 13 a wurin. Ɗaruruwan mutanen ƙauyukan kusa a cikin harabar tashar suka fake. Hirai ya rasu a 1986, bai ga ranar ba.

A duka wuraren biyu akwai masu sani. Bambancin shi ne a ɗaya sanin ya sami bakin da ya dage. Wannan ma a aji ake koyonsa, ko da ba ya cikin manhaja. Ɗalibin da ya ga malaminsa ya ce "ban sani ba, mu auna", ko ya ga an gyara wa malami kuskure a allo ya yi godiya, ya koyi cewa gaskiyar ruwa ta fi girman muƙami. Wanda aka kunyata don ya yi tambaya ya koyi akasin haka, kuma da wannan darasin zai shiga ɗakin sarrafa tasha.

Mu kuma fa?

Mai karatu na iya cewa wannan duk labarin ƙasashen nesa ne. Bai kai nisan da muke zato ba. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta Nijar. A Zariya, a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar bincike da ke aiki tun 2004, ƙirar ƙasar Sin, mai ƙarfin kimanin kilowat 30. Ruwa ne ke sanyaya ta da zagayawar kansa, ana amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci da kuma horar da ɗalibai, a 2018 kuma aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mai ƙarancin tacewa. Ghana tana da irinta kusa da Accra tun 1994. Afirka ta Kudu tana samun lantarki daga Koeberg tun 1984, Masar tana gina tukwane huɗu a El Dabaa, Najeriya da Ghana kuma sun daɗe suna shirin tasu. Mun san abin da rashin wuta ke yi wa asibitocinmu da masana'antunmu, don haka ba ma ganin laifin mai wannan buri. Amma tazarar da ke tsakanin kilowat 30 da megawat 3,000 ninki 100,000 ce, kuma waɗanda za su tsallake ta suna zaune a azuzuwanmu yau.

Dole mu dubi azuzuwan da idon gaskiya. Da yawanmu mun yi darasin gwaji a kan allo saboda na'urar ta lalace ko babu wuta, muka kwafi ma'aunan 'yan shekarar da ta wuce muka miƙa aka ba mu maki. Mun ga an goge ma'aunin da ya kauce wa layi don zanen ya yi kyau, alhali wataƙila shi ne kaɗai mai labari. Mun ga an "taimaka" wa ɗalibi ya haye saboda ɗan wane ne, ko don tausayi. Tausayin nan ana yin sa ne da rayukan mutanen da ba su cikin ɗakin, ba a kuma nemi yardarsu ba. Muna kuma da karin maganar da ke cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A sha'anin zaman duniya tana da gaskiyarta. A gaban ma'aunin matsi kuwa, wanda idonsa ke kan allurar shi ya hango, komai ƙarancin shekarunsa, kuma ladabin da ya hana shi magana cuta ne ga babban da ga garin baki ɗaya.

Ba sai an jira manyan kuɗi kafin a fara sauke wannan amana ba. Reynolds da bututun gilashi da rini ya yi aikinsa, Nukiyama da waya da ruwa. Malami na iya sa tambaya a jarrabawa wadda amsarta ita ce ƙa'idar ba ta aiki a nan, ya ba ta maki mafi tsoka. Yana iya ƙin karɓar lamba daga ɗalibi sai da girman kuskurenta a gefe. Yana iya koyar da Davis-Besse tare da Three Mile Island, don ɗalibai su ga yadda gargaɗi ke mutuwa a cikin fayil. Ɗalibi ma yana da nasa rabon, domin matambayi ba ya ɓata, kuma ba a ɗauke masa tambayar "a ina wannan ke daina aiki?" don kawai malami bai kawo ta ba.

Amsarmu ga tambayar farko ke nan. Ma'aikacin da ya rage ruwa da asuba yana da alhakin hannunsa. Wanda ya koya masa dokar ya ɓoye ko ya manta iyakarta yana da alhakin abin da ya bari bai faɗa ba, kuma nisan shekaru ko na ƙasa bai sauke masa shi ba. Gobe wani malami zai rubuta ƙa'idar Dittus da Boelter a allo, a Zariya ko Yamai ko Kumasi, ɗalibai su kwafe ta cikin minti ɗaya. Abin da muke roƙonsa shi ne ya ba ƙananan haruffan da ke ƙarƙashinta sauran sa'ar.